Dalmar da Suka Ce Tana Cikin Kwallina

Mayahi, ranar Laraba, tsakiyar damina.

Zuwa ga ɗiyata Sakina, ɗiyar ƙanena Sanda, mai karatu a ƙasar Maroko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gwaggonki Tanna ce ke gaishe ki, gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga fuskarki ba, da fatan takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan zamanki da malamanki. Allah ya buɗe maki kai, ya tsare ki a baƙon wuri, ya maido mana ke da abin da kika tafi nema. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka da kyau bana, gero ya kai ƙugu, wake ya fara yaɗo. Babanki kullum yana gona tun da sassafe, ƙafar tasa ta yi sauƙi, ko da yake an hana shi doguwar tafiya bai hanu ba, kin dai san halinsa. Innarki lafiya lau, tunkiyarta ta haifi biyu, tana ta yi mana alfahari. Babban albishir kuma shi ne, ɗiyata Asiya ta sauka lafiya shekaranjiya a Gidan Amumune, an samu namiji, ita da jinjirin duk suna cikin lafiya. Suna ranar Litinin mai zuwa in Allah ya kai mu.

Za ki yi mamakin ganin rubutuna, don rabona da riƙe biro tun muna karatun manya, hannun ya yi tsami, sai ki yi haƙuri da karkatattun baƙaƙe. Da na so, da na ari salular wanki Bashir na yi maki magana a cikinta. Amma abin da aka faɗa cikin salular Bashir duk gida sai ya ji, har ya maimaita wa mutane suna dariyar muryata. Maganar da ke bakina ba ta dariya ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba direban da ke zuwa Yamai, ya miƙa wa Lamine abokin karatunki da aka ce zai koma can ƙarshen wata.

Bari in fara da tambayar da ta hana ni sakat. Kin tuna zuwanki na Babbar Salla, ranar da kika shigo ɗakina kika ce in ɗebo maki kwalli? Na yi murna, na ce yau dai Sakina ta zama mace. Ke da tun kina ƙarama sai an danne ki ake sa maki, kina ihu kamar ana yanka ki. Sai na ga ba ki kawo ƙyalle ko takarda ba, kin fito da wata ƴar kwalba sabuwa ful daga jakarki, kin ƙi taɓa garin da hannu, kin ɗiba da cokali, kin rufe, sannan kin rubuta kwanan wata a jikin kwalbar. Na ce a raina, wane ado ne ake rubuta wa kwanan wata? Har kika koma ban ga baƙi a idonki ko sau ɗaya ba. To yanzu ina tambayarki, tsakaninki da Allah, me kika yi da kwallin nan?

Ga dalilin tambayar. Sati biyar ke nan, ran kasuwa, wata farar mota ta tsaya bakin layinmu na masu kayan ado. Mutum uku suka fito, shugabarsu wata mace mai gilashin ido, Madam Jummai suke ce mata, Hausarta ta Maraɗi ce amma rabi Faransanci. Suka ce daga wata ƙungiyar lafiya suke, suna auna abin da ake sa wa yara. Layin nan akwai masu lalle, akwai masu turare, akwai masu sabulu, amma ba su waiwayi kowa ba, kai tsaye sai gaban faifaina. Ki gaya mani, wa ya nuna masu hanya? Shekara talatin da ɗoriya ina niƙa kwalli a Mayahi, uwata ta niƙa kafin ni, ba wanda ya taɓa zuwa da mota ya tambaye mu. Sai bayan ɗiyar ƙanena mai karatun auna abubuwa ta ɗiba cikin kwalba.

Matar nan tana riƙe da wani abu kamar bindigar wasan yara, amma mai nauyi, da ɗan gilashi a ƙeyarsa irin na salula. Ta gaishe ni da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta zuba garina cikin ƴar leda, ta ɗora bakin abin a kai, ta danna. Ta ce yana aika wani haske da ido ba ya gani, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a likita, kuma kowane ƙarfe da ke ɓoye cikin gari yana maido hasken da irin tasa muryar, na'urar kuma ta san muryoyin kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta cikin yara goma. Kafin in gyara zama, wasu layuka sun miƙe a gilashin, gajeru da dogaye, biyu sun fi sauran tsawo nesa ba kusa ba. Ta nuna mani su, ta ce waɗannan dalma ce. Ta ce idan aka kasa garina kashi goma, kusan huɗu dalma ne, kuma dalma guba ce ga ƙananan yara, tana shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Dariya na yi, wallahi. Na ce mata na san dalma tun ba a haife ta ba. Dalma ita ce abin da maƙera ke cirewa daga tsohon batirin mota su like tukunya, toka-toka ce, mai laushi, farce ma yana shiga jikinta. Dutsen kwalli kuwa ƙyalli yake yi, in ka buge shi fashewa yake, ba ya lanƙwasa. Ta ce ai dalmar ta haɗu da wani abu ne ta canza kama. Na ce to ta auna na A'i mu gani. Kin san A'i, wadda ke zama can ƙarshen layi, mai ƙona ƙwallon dabino ta daka ta kira shi kwalli. Duk garin nan an san nata jabu ne, marasa hali ke saye, kuma ni da bakina na sha faɗa. Aka ɗora bindigar a kan nata, Sakina, sai ga shi wai tas yake, ba dalma ko ɗigo. A'i ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗaga murya tana hamdala yadda har masu nama za su ji. Daga baya na samu labari direban motar nan mutumin Baudeta ne, garin su A'i. Ki haɗa wannan da wancan ki gani, ni dai ban ce komai ba.

Ban kwana da abin ba sau biyu, washegari na bi su gidan likita inda suka sauka. Na ce ni ba na yarda da abin da ke magana cikin gilashi, a nuna mani da idona. Madam Jummai ta zaunar da ni gaban madubin nan na likita mai ƙara girman abu, wanda ake leƙawa ta sama. Ta barbaɗa garina a kan ɓallin gilashi ta tura ƙarƙashi. Na leƙa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Garin da na niƙa da hannuna har ya yi laushi kamar toka, a can ciki ƙananan duwatsu ne masu kusurwa huɗu, daidai wa daida kamar sukarin kwali, suna walƙiya. Ba zan ɓoye maki ba, ya ba ni sha'awa, har na manta abin da ya kawo ni. Sai kuma na tuna, na ce wa ya sani ko duwatsun nan dama suna cikin bututun. Na sa ta cire garin na leƙa gilashi wayam, ban ga komai ba. Na kwance bakin zanena na fito da kanwa da gishiri da garin gero da na taho da su daga gida, na ce duk a gwada su, da madubin da bindigar. Ta yi murmushi ta ce abin da nake yi shi ake koya masu a jami'a, wai kada ka yarda da na'ura sai ka jarraba ta da abin da ka riga ka sani. Ban ji daɗin yabon ba, don mai son ya shawo kanka da yabo yake farawa. Amma dai kanwa da gishiri da gero ba wanda ya tayar da dogayen layukan nan.

Da a nan abin ya tsaya, da ban dame ki ba. Kasuwa in ta ƙi ni, ina da awakina. Maganar jikata Nafisa ce ta sa na ɗauki biro. Kin san tun da Asiya ta yaye ta aka kawo mani ita, shekara ɗaya da rabi ke nan tana hannuna, a bayana take barci, a kwanona take ci. Kullum da safe in na yi mata wanka sai na zizara mata kwalli, ta fito da idanu dara-dara, mata suna tsayawa kallonta a hanya. Tun bara take fama da ciwon ciki, ba ta son abinci, ta yi fari, ga saurin fushi. Maganar da ta fara, har tana kiran sunan awaki, sai ta tsaya cak, yanzu nuni take yi da hannu. Na ce zafin yaye ne, na ce haƙora ne, na jiƙa mata sassaƙe iri-iri. Majo, shugaban masu jinya na likita, ya san ta, don na kai ta ba sau ɗaya ba. Shi ne ya ce wa Madam Jummai a ɗebi jininta a aika labo, ɗakin gwaji da ke Yamai. Ta tambaye ni ko yarinyar tana murza ido ta sa yatsa a baki. Na ce wane yaro ne ba ya yi?

Ta yi mani bayanin abin da za a yi da jinin. Wai za a ɗiga shi cikin wani ɗan murhu da bai kai ɗan yatsa ba amma ya fi maƙera zafi, ya ƙone ya zama hayaƙi, sai a haska fitila ta cikin hayaƙin, abin da dalma ta shanye na hasken shi ke nuna yawanta. Ina jin haka na tuna na taɓa jin wannan magana. Ke kika faɗe ta, a tsakar gidan babanki, ranar da Bashir ya tambaye ki wai me kuke yi a can duk tsawon shekarun nan. Kusan kalma da kalma. Na tambaye ta ko ta san wata Sakina Sanda. Ta ce ba ta sani ba, amma sai da ta ɗan yi jim kafin ta amsa, kuma na lura da wannan.

Bayan sati uku sakamako ya dawo. Suka ce dalmar da ke jinin Nafisa ta ninka abin da ake tsoro sau da yawa, sai an sa ta a magani ana bibiya. Ba ni suka fara gaya wa ba, ubanta suka kira. Abdussalamu ya taho a kan moto daga Gidan Amumune, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya tambayi awaki, ya tambayi ruwa. Sannan ya ce, kansa a ƙasa, uwarta na marmarinta ga haihuwa ta matso, zai tafi da ita kwana biyu. Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi, da na samu abin ramawa. Na haɗa mata kayanta da hannuna. Da na ɗauko ta zan miƙa masa, sai na ga ya ciro hankici ya jiƙa da ruwan buta ya goge mata ido a gabana. Yarinyar ta riƙe wuyan rigata sai da aka ɓamɓare yatsunta. Na ji zafin wannan rana, Sakina, har yanzu ina jin sa.

Sai na ce bari in kunyata na'urarsu da abin da na yarda da shi. Na ɗauki gutsuren dutse na tafi maƙerar Na Allah, wanda ya san dalma fiye da duk mai gilashin ido. Ban gaya masa dalili ba, na ce ya ƙona mani wannan in ga abin da zai zama. Na hana shi amfani da kaskonsa, don na san yana narka dalma a ciki. Na kawo gawayina, na kawo sabon tsingaro daga tulun da na fasa da gangan. Ya farfasa dutsen a kan gawayi ya kama zuga. Wani wari ya tashi kamar an ƙyasta ashana ɗari. Muna nan muna kallo, sai ga wani ɗan ɗigo mai sheƙi ya tsattsafo, ya gangaro cikin tsingaron ya dunƙule kamar ƙwayar dawa. Da ya huce Na Allah ya ɗauka ya danna da farce, farcen ya shiga. Ya dube ni ya ce ina na samo dutse mai kyau haka, ya tambaya ko akwai saura ya saya don likin tukwane. Na karɓe abina na fito ban yi masa sallama ba. A hanya ina ta gaya wa kaina ƙila hannunsa ne da saurar dalma, ƙila zugazugin ne. Har yanzu ina gaya wa kaina haka, amma ƙwayar tana ƙulle a bakin zanena, kuma in na goga ta a takarda tana barin layi toka-toka.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba, kuma saboda shi na guje wa salular Bashir. Madam Jummai ta ce wa majo abin ya ɗaure mata kai, wai jinin Nafisa ya fi ƙarfin kwallin da ta auna a faifaina, lalle akwai wata hanyar da dalma ke shiga jikinta. Sun ɗebi ruwan rijiyarmu, sun auna tukwanena, sun kankare fentin ƙofa, har ƙasar tsakar gida sun kwasa. Ina tsaye ina kallonsu suna nema, ni kuwa na san inda abin yake. Sakina, kwallin da nake kaiwa kasuwa ba zalla ba ne. Dutse ya yi wuyar samu tun shekaru, sai na koma ina gauraya shi rabi da rabi da ƙonannen ƙwallon dabino, wannan dai da nake yi wa A'i gori a kai. Na kasuwa ke nan, na ɗiyan mutane. Amma akwai tandun uwata a ɗaki, na fata, wanda ban taɓa bari wani abu ya shiga cikinsa ba sai dutse tsantsa, mafi ƙyalli da na zaɓa da hannuna. Na ce jinina ba zai sa gauraye ba. Da shi na yi wa Asiya, daga cikinsa na ɗebar maki ranar nan, kuma da shi nake yi wa Nafisa kowace safiya. Da suka tambaye ni ko akwai wani kwalli a gidan, na ce babu.

Jiya na je barka Gidan Amumune. Kin san al'ada, kaka ce ke fara sa wa jinjiri kwalli don ido ya buɗe ya yi haske. Tsofaffin gidan suka yi ta dubana suna jira, wata har ta ce yau mai kwalli ta zo ganin jika hannu rabbana. Tandun yana cikin jakata, na taho da shi, ban san dalili ba. Na ɗauki yaron, idanunsa fari fat ba ɗigon baƙi, sai na ji yatsuna suna neman bakin jakar da kansu. Na ce masu na manta shi a gida. Asiya ta dube ni ta kau da kai. Nafisa tana zaune a gefen gado, ta miƙo mani hannu, ta nuna idonta da yatsa, tana nufin in yi mata irin na kullum. Na fita waje kamar zan yi alwala.

To ga abin da nake so da ke. Ban ce na yarda da bindigar Madam Jummai ba, ban ce na wanke direban Baudeta ba, ke ma ban gama wanke ki ba. In ke kika turo su, ki faɗa mani, ba zan tsine maki ba, amma da kin zo kin zauna a gabana kin gaya mani tun Babbar Salla, da an rage wa yarinyar nan watanni. In kuma kin auna na cikin kwalbarki kin ga abin da kika gani kika yi shiru don kunyata, to wannan kunya ba ta yi mana rana ba. Ranar suna zan sake ɗaukar jinjirin nan, tsofaffi za su sake dubana, kuma ban amince wa hannuna ba. Don haka tandun yana cikin ƙunshin da ke tare da takardar nan, na ɗinke bakinsa. Ki sa shi a babbar na'urarku, wadda ba ta san ni ba, ba ta san A'i ba.

Ki gaida Lamine, ki yi masa godiyar ɗaukar kaya. Ki gaida ƴar ɗakinku da kika ce tana dafa maki shayi, da duk ɗiyan Nijar da ke wurin. Babanki da innarki da Bashir suna gaishe ki, ba su san na rubuto ba, kada su ji daga bakinki. Shatu maƙwabciyata ta ce in ce maki ki ci abinci, kin rame a hoto.

In sakamako ya fito, kada ki aika wa Abdussalamu, kada ki rubuta da Faransanci. Ki rubuto mani da Hausa, da manyan baƙaƙe, kashi nawa ne cikin goma. Amma ba zan jira ki ba kafin in yi abu ɗaya. Gobe su Madam Jummai za su dawo su sake ɗibar ruwan rijiya saboda Nafisa, zan riga su zuwa likita in gaya masu maganar tandun, su daina wahala. Daga nan in hau moto zuwa Gidan Amumune, don Asiya ba za ta ji a bakin majo ba cewa mafi kyawun abin da uwarta ta mallaka ta ware wa Nafisa.

Allah ya ba Nafisa lafiya, ya maido mata bakinta. Ki sa ta a addu'a, ni ma ki sa ni.

Gwaggonki,
Tanna